Ziyarar Matasan Kirista Zuwa Dajin Falgore

Kowace shekara, ranar Litinin da take bin Lahadin Ista, majami'u da yawa a Nijeriya sukan kwashi matasansu su fita bayan gari su yini. Ana kiran wannan fita Galili, domin bisa ga labarin da ke cikin Linjila, bayan tashin Yesu Almasihu an umurci almajiransa su tafi ƙasar Galili su sadu da shi. A birnin Kano wasu sukan tsaya a gidan namun daji na Audu Bako, wasu kuwa su shimfiɗa tabarmi a filin wata makaranta. Amma ƙungiyar da ta tara ɗan kuɗin mota, shugabanninta kuma suke da ƙarfin hali, takan fuskanci kudu, ta bi hanyar Zariya, ta ratsa ƙasar Bebeji da ta Kiru, ta nufi Tudun Wada da Doguwa, inda dajin Falgore yake, wajen kilomita 150 daga birni. Wasu sukan mayar da tafiyar ta kwana biyu ko uku a hutun Kirsimeti ko a dogon hutun damina.

Wanda ya hangi motarsu tana wucewa, ana kiɗa ana waƙa, zai ɗauka yawon shan iska ne kurum. Shugabannin da suke shirya ta kuwa suna ɗaukarta a matsayin makaranta mai darasi uku, watau kallon ƙasa, da wasa, da ibada, kuma a ganinsu in aka cire ɗaya sauran biyun sun gurgunce. Abin da ya sa maganar ta cancanci a yi ta a wannan shafi shi ne, dajin da ake yin wannan karatu a cikinsa ya daɗe yana fama da gatari da bindiga, har shigarsa ta zama sai da shawara.

Kafin a shiga mota, ya kamata mai karatu ya san ko su wane ne waɗannan matasa, domin mutane da yawa a ofisoshin Kano suna tsammanin duk Kiristan da ke jihar baƙo ne. Lalle akwai 'ya'yan Sabon Gari da Nomansland da Badawa, waɗanda iyayensu ko kakanninsu suka zo daga Kudu, ko daga Filato da kudancin Zariya, neman aiki ko ciniki. Amma akwai kuma Hausawa Kirista, waɗanda suke kiran kansu Masihiyawa, 'yan asalin ƙauyukan Rano da Sumaila da Rogo da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, waɗanda ba su da wani harshe sai Hausa, ba su kuma da wata ƙasa sai wannan. A zamanin Turawa gwamnati ta taƙaita aikin mishan a cikin masarautun Arewa. Ayarin Bishop Tugwell da ya iso Kano a 1900 bai sami wurin zama ba, Likita Miller kuwa a Zariya ya yi aikinsa. Sai a ƙarshen shekarun 1930 ne mishan ta SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a Yadakunya, a 1943 kuma ta buɗe asibitin ido na Kano. Daga shekarun 1970, lokacin da Maguzawa suka shiga barin addinin gargajiya da yawansu, wasu suka musulunta, wasu kuma suka bi ECWA ko Katolika ko Anglikan. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya tura 'ya'yansu makaranta, jikokinsu ne kuwa suke cike da zumuntar matasa a yau.

Waɗannan rukunoni biyu addininsu ɗaya, amma ba safai suke haɗuwa ba. Ɗan Sabon Gari yana sujada da Turanci, ko da Ibo ko Yarabanci, ɗan ƙauyen Doguwa kuwa da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932. Tafiya irin wannan tana cikin wurare kaɗan da suke cin tuwo a kwano ɗaya.

Ita al'adar fitar da samari daji domin tarbiyya ta daɗe. A 1883 ne William Alexander Smith, wani malamin makarantar Lahadi a birnin Gilasgo ta ƙasar Sikotilan, ya kafa ƙungiyar Boys' Brigade, bayan ya gaji da yaran da ba sa zama wuri ɗaya su saurari darasi. Dabararsa ita ce ya haɗa musu fareti irin na soja da wasanni da karatun Littafi, a 1886 kuma ya kai su zangon kwana na farko a bakin teku, iyaye mata suna ta fargaba. Ƙungiyar ta iso Ikko a 1908, daga baya ta bazu a Arewa tare da takwararta ta 'yan mata, Girls' Brigade. A 1957 aka kafa zumuntar ɗalibai Kirista, watau FCS, a Gindiri, ita ma ta mayar da taron hutu babban ginshiƙin aikinta a makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai. Saboda haka shugaban matasan da yake lissafin kuɗin mota a yau gado ya tarar.

DAGA KANO ZUWA TIGA

Shiri yakan fara makonni kafin ranar tafiya. A sanar a majami'a, kowa ya kawo abin da aka yanka masa, wanda ba shi da hali kuma dattawan ikilisiya su cika masa daga baiko. Zumuntar mata su ne da tukunya: shinkafa, da wake, da garin kwaki, da ƙuli-ƙuli, da jarkokin ruwa. Ba a ɗaukar yaro sai da yardar iyayensa, ba a kuma tashi sai da fasto ko wani dattijo, da wata uwa da za ta kula da 'yan mata. Da asuba a yi addu'a a bakin mota, a ƙirga kawuna, a kama hanya.

Kallo yana farawa tun kafin a isa daji. Daga Kura zuwa Kadawa, ko da tsakiyar bazara ce, gonaki kore ne shar, shinkafa da tumatir da albasa da masara, ruwa yana gudu a cikin magudanan siminti. Yaro mai wayo zai tambaya daga ina ruwan yake, amsar kuwa tana gaba kaɗan, in an ratse zuwa Tiga a ƙasar Bebeji. Gwamnatin Alhaji Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ita ce ta datse Kogin Kano a wannan wuri, aka gama aikin a 1974, daidai lokacin da fari ya gama gasa ƙasar Hausa. An gina tafkin ne domin ya ɗauki ruwa kusan mita biliyan biyu na aunin cikin kwano, daga cikinsa ne kuma ake shayar da gonakin Kadawa. Ruwan da aka saki a kogin yana gangarawa Tamburawa, inda ake tace shi a tura wa birni, sannan ya haɗu da Kogin Chalawa su zama Kogin Haɗeja.

A kan wannan gini ne malamin da ya san aikinsa yakan tsayar da yara ya nuna musu kudu, ya gaya musu cewa ruwan famfon da suke sha a gida daga cikin dajin da za su shiga ya ratso. In akwai ɗalibin jami'a a cikinsu, yakan ƙara da cewa kowane alheri da kuɗinsa: tun da aka gina Tiga, ambaliyar da take shayar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, masunta da manoman can kuma sun ji a jikinsu. Irin wannan bayani yana cikin littattafan labarin ƙasa na makaranta, amma wanda ya ji shi yana tsaye a kan madatsar, iska tana kaɗa masa riga, ba ya bukatar hadda.

Tiga tana da daɗi, ga soyayyen kifi, ga inuwa, ga kwalekwalen masunta. Nan ne kuma haɗarin farko yake. Yaron birni da bai iya iyo ba yakan ga ruwan a kwance ya ɗauka ba shi da zurfi. Wanda ya tuna abin da ya faru a madatsar Watari ta Bagwai a ƙarshen watan Nuwamba na 2021, lokacin da jirgi ya kife da ɗaliban makarantar Islamiyya a kan hanyarsu ta zuwa Mauludi, aka yi asarar yara da yawa, ba zai bar matashi ko ɗaya ya shiga kwalekwale ba tare da rigar ruwa ba, komai roƙonsa.

Daga nan a komo babban titi, a kai Kwanar Ɗangora, a bar hanyar Zariya a karya hagu, a kama ta Jos. Ƙasa takan fara sauyawa, duwatsu su fito, itatuwa su ƙara tsawo. Tudun Wadan Ɗankadai na cikin garuruwan kudancin Kano da suka sha hare-haren Ningawa a ƙarni na 19, saboda haka zaman bakin daji da fargabarsa ba sabon abu ba ne ga mutanen wannan yanki. A nan ne, ko a wani ƙauye na kusa, baƙi sukan sauka a harabar majami'a, matasan gida su tarye su. Kafin a sauke kaya, Baba Fasto da shugaban matasa sukan je su kwashi gaisuwa wurin dagaci ko mai unguwa, su ce ranka ya daɗe, ga baƙi mun kawo, ga abin da ya kawo su, ga ranar da za su koma.

Wannan gaisuwa tana da nauyi fiye da yadda baƙo zai zata. A watan Satumba na 2007 rikici ya tashi a Tudun Wada daga wata makarantar sakandare, aka ƙone majami'u da shaguna, aka yi asarar rayuka. Manya na ɓangarorin biyu ba su manta ba. Su ne kuwa suke kasuwa ɗaya, rijiya ɗaya, wani lokaci ma kaka ɗaya, domin gida guda yakan ƙunshi Musulmi da Kirista. Saboda haka shugaba mai hankali yakan gargaɗi yaransa tun a mota: a rage kiɗa in an zo kusa da masallaci, 'yan mata su yi shiga ta mutunci, kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa, a gai da duk wanda aka tarar. Matashin da ya girma a unguwar da kowa addininsu ɗaya yakan koyi zaman maƙwabtaka a yini guda fiye da abin da wa'azin shekara zai koya masa.

INDA ƊAN ƘAUYE YA ZAMA MALAMI

Dajin Falgore ya kai kusan murabba'in kilomita 1,000, ya shafi ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, ta gabas kuma ya yi iyaka da dajin Lame-Burra na Jihar Bauchi. Turawa ne suka keɓe shi a shekarun 1940 da sunan gandun dajin Kogin Kano, a shekarun 1960 aka ɗaga shi ya zama gandun namun daji. Titin Kano zuwa Jos ya ratsa ta cikinsa, Kogin Kano ma haka. Ba a shiga sai da izinin ma'aikatan gandun daji, da ɗan rakiya daga cikinsu.

Da zarar an bar kwalta, sai girma ya sauya hannu. Ɗan birni da yake ta ba da labarin waya da ƙwallon Turai a cikin mota yakan yi shiru, domin a wurinsa duk itace itace ne. Ɗan ƙauye kuwa, wanda yake jin kunyar Turancinsa tun safe, sai bakinsa ya buɗe. Shi zai nuna doka, wadda ita ce ta fi yawa a irin wannan daji, ya ce a dubi jan tohon da take yi tun ruwa bai sauka ba. Ya nuna maje, ya ɓantaro ƙaronsa ya ce shi ne turaren da iyaye mata suke sa wa a wuta. Ga marke na asuwaki, ga maɗaci da ɓawonsa mai ɗaci na ciwon ciki, ga ƙirya da ake sassaƙa turmi da ita, maƙera kuma suke son gawayinta. Ga kaɗanya, uwar man kaɗe, ga ɗorawa da 'ya'yanta suke zama daddawa. Taura da kanya abin lasa ne na rani, ɗinya kuwa sai damina. A bakin rafi ga gora a tsaye, ga sawun gada da na jan biri a kan yashi, shi ne kuma zai ce wannan na daren jiya ne, wancan ya kwana biyu. Zai hana a ɗaga dutse da hannu saboda kunama, ya hana a zauna a kan gungume sai an buga shi da sanda.

Akwai malaman makaranta da suke ganin wannan ilmi ba ya cikin manhaja, don haka ba a bakin komai yake ba. Sun yi kuskure. Ɗalibin da ke karatun aikin gona ko na gandun daji a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello yana haddace sunayen waɗannan itatuwa da Latin, wani lokaci bai taɓa ganin rabinsu a tsaye ba. Yaron da ya bar makaranta a aji uku ya san su da ganye da ɓawo da lokacin fure. Ranar da waɗannan biyun suka tsaya a gindin itace ɗaya kowa ya kawo nasa, to ranar ce suka fara ganin girman juna, wannan kuwa shi ne abin da ikilisiya take nufi da zumunta.

Game da namun daji, gara a gaya wa yara gaskiya tun daga gida. Rubuce-rubucen da aka yi a kan dajin sun ambaci ɓauna da gwanki da kanki da mazo da gadu da kura, amma farauta da kiwo da sarar itace sun rage su ƙwarai, kuma ayarin matasa hamsin masu surutu ba shi ne zai gan su ba. Abin da ake iya sa rai shi ne birai, da zabin daji, da makwarwa, da tsuntsayen bakin ruwa, in an yi sa'a kuma a ga burtu yana takawa. Lokacin Ista ciyawa ta ƙone, ana hangen nesa, dabbobi suna matsowa ruwa, sai dai zafi. A watan Agusta daji ya yi kyau amma ya rufe, rafuka sun cika, hanya ta yi laka. Masu sauran ƙarfi sukan zarce kudu zuwa Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, inda aka haƙi kuza shekaru masu yawa, su hau duwatsun da suka fi ko'ina tudu a Jihar Kano, ko su nemi gangaren ruwan Zainabi.

In rana ta yi sanyi sai wasa. A nan ba a bukatar dogon bayani, domin yara ba sa jiran a koya musu. Ƙwallon ƙafa da gola ta duwatsu biyu, tseren buhu, jan igiya, langa ga samarin ƙauye waɗanda suke kayar da 'yan birni ɗaya bayan ɗaya, gaɗa da carafke ga 'yan mata, dara a ƙasa ga waɗanda suka gaji. In 'yan birged suna cikin tafiyar, sai an yi fareti da ganga da begila. Akwai kuma gasar buɗe Littafi, inda alƙali zai kira sura da aya, wanda ya riga buɗewa ya karanta shi ya ci, da kacici-kacici a kan sarakuna da annabawa. Dabara ɗaya ce shugabanni ba sa wasa da ita: ba a barin 'yan majami'a ɗaya ko 'yan ƙabila ɗaya su zama ƙungiya guda. A gauraya su, ɗan Ibo da Bahaushe da ɗan Kataf su riƙe igiya ɗaya. Sau da yawa yaran Musulmi na ƙauyen sukan taru kallo, kafin a jima kuma an rasa mai tsaron gida an jawo ɗaya daga cikinsu.

Bayan cin tuwon dare ne ake zama na ibada, a harabar majami'a ko ta makaranta, domin a yanzu ba mai kwana da yara a cikin dajin. A rera waƙoƙi na Hausa da na Turanci, a karanta nassi, a kasu ƙungiya-ƙungiya a tattauna. Masu wa'azi a irin wannan wuri suna son Zabura ta 104, wadda take lissafa maɓuɓɓugai da itatuwa da tsuntsaye da namun jeji, har da rema mai zama a duwatsu, dabbar da wataƙila yaran sun hanga da rana. Suna son sura ta biyu ta littafin Farawa, inda aka sa mutum a gona domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Wanda ya yini yana ganin kututturan da aka sare ba ya bukatar a fassara masa kalmar kiyayewa. Suna kuma tuna wa yara cewa Linjila ta ambaci Yesu yana janye almajiransa zuwa wurin da ba kowa domin su huta.

Daga nan sai lokacin shaida da tambayoyi, wanda a ganin shugabanni da yawa shi ne zuciyar tafiyar. Abin da matashi ba zai iya faɗa a gaban iyayensa ranar Lahadi ba yakan faɗe shi a nan: jarrabawar da ya faɗi sau biyu, ƙwayar da abokai suka koya masa, rashin aiki bayan bautar ƙasa, auren da ake matsa wa yarinya ta yi kafin ta gama makaranta, takardar shaidar zama ɗan ƙasa da wani yake ta nema. Mama, matar fasto, takan ja 'yan mata gefe, dattijo ya ja samari. Ba duk matsala ake warwarewa ba, wasu kuma zafin alkawarin da suka ɗauka a daren yakan huce kafin mako biyu. Fastocin da suka daɗe a aiki sun san haka, shi ya sa suke rubuta sunaye su bi yaran bayan an koma gida.

GATARI DA BINDIGA

Wanda ya bi titin Falgore zai ga buhunan gawayi a jere a bakin hanya, da motocin itace suna nufar Kano. Birni mai miliyoyin mutane yana girki kullum, duk lokacin da kuɗin kananzir da na gas suka tashi kuwa, daji ne yake biya. Madobiya, mai furen nan rawaya, an sare ta ƙwarai a Afirka ta Yamma domin kasuwar ƙasar Sin, har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta ƙayyade cinikinsu daga 2017. Ga gonaki suna ci daga gefe, ga garken shanu, ga wutar daji kowane rani.

Sai kuma maganar tsaro. Wajen 2015 da 2016 sunan Falgore ya cika jaridu saboda ɓarayin shanu da 'yan fashi da masu satar mutane da suka mai da shi maɓoya, direbobi suka riƙa gudun ratsa shi da dare. A 2017 rundunar sojan ƙasa ta yi atisayen da ta kira Harbin Kunama na biyu a wannan daji da maƙwabtansa, gwamnatin Dakta Abdullahi Umar Ganduje kuma ta ba da wuri domin horon soja a cikinsa. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince da mayar da wurare 10 gandun dajin ƙasa, Falgore yana cikinsu, tare da fadamun Haɗeja da dajin Kogo na Katsina da Pandam na Filato.

Uban da ya ji waɗannan labarai, in ya hana 'yarsa shiga motar, ba wanda zai ga laifinsa. Shugaban matasan da ya gwammace ya tsaya a Tiga, a ci kifi a yi ƙwallo a juyo, shi ma ya yi abin da hankali ya ba shi. Amma tafiyar da ta tsaya a Tiga ta yi asarar rabinta mafi amfani, domin ba a kai ga ƙauyukan Tudun Wada da Doguwa ba, ɗan birni bai sadu da ɗan'uwansa na karkara ba, ba wanda ya tsaya a gindin doka. Asarar kuwa ta wuce majami'a. Makarantun gwamnati, da na Islamiyya, da 'yan sikawut, da ƙungiyoyin ɗalibai na jami'a, duk hanya ɗaya ce ta rufe musu. Yaran da ba su taɓa ganin dajin ba, in sun girma sun zama manyan sakatarori da 'yan majalisa, da wuya su ware masa kobo a kasafin kuɗi.

Abin da ƙungiyoyin matasa suke bukata daga hukuma ba shi da yawa, kuma yawancinsa aikin takarda ne da ma'aikaci mai himma zai iya gamawa. Ana bukatar ofishi guda sananne a Kano inda shugaban ƙungiya zai kai wasiƙa ya sami amsa a cikin mako, da kuɗin shiga a rubuce wanda ɗalibi zai iya biya, da bayani na gaskiya a kan ɓangaren da ake iya shiga a wannan wata da wanda ba a iyawa. Ana bukatar 'yan rakiya, kuma babu waɗanda suka fi dacewa da wannan aiki kamar samarin ƙauyukan bakin dajin, Musulminsu da Kiristansu, waɗanda in sun sami abin sakawa a aljihu daga nuna itace a tsaye, za su rage sha'awar ganinsa a buhu. Wurin zama mai rumfa da rijiya da makewayi a kusa da ƙofar shiga, inda jami'an tsaro suke, zai wadatar da ayarin yini guda.

Su ma majami'u akwai nasu. Kada a tashi sai an sanar da ofishin 'yan sanda na yankin da ma'aikatan gandun daji a rubuce, da sunan kowane yaro da lambar wayar iyayensa. A nemi ma'aikacin jinya ɗaya a cikin ayari, da akwatin magani, a kuma san asibitin da ya fi kusa. A duba tayar mota da birkinta, kada a yi lodin da ya wuce kujeru domin a rage kuɗi. Ledar ruwa da robar lemo da aka shiga da su a fito da su. Ƙungiyar da za ta je a watan Yuli ko Agusta tana iya neman dashen maɗaci ko ɗorawa daga wurin renon itatuwa na gwamnati, ta dasa a harabar makarantar ƙauyen da ta sauka, ta bar wa matasan gida amanar ban ruwa da shinge saboda awaki. Kuma ko mene ne ya rage a cikin shirin yini, ko wasan ƙarshe ne ko addu'ar rufewa, a tabbata mota ta fito daga dajin ta kama hanyar Kwanar Ɗangora tun rana tana sama.